Mai Tsintsiya da Mai Turmi: Yadda Ake Haɗa Makarantun Turai Kan Taurarin Tatsuniya

Duk lokacin da wani aji a Italiya ya ƙulla aiki da wani aji a Poland kan tatsuniyoyin gargajiya, akwai tuntuɓen da ke jiran su tun makon farko. 'Yan Italiya za su turo zanen wata tsohuwa mai lanƙwasasshen hanci ta ɗare tsintsiya, su ce ga Befana. 'Yan Poland su ma su turo tasu tsohuwar, Baba Jaga, hancin nan dai, tsintsiyar nan dai. Da yake Turanci ne ke haɗa su, sai a liƙa wa duka biyun kalmar da ke nufin mayya, yara su yi murna wai sun gano abinsu ɗaya, malamai su ɗauki hoto, a wuce gaba.

Alhali Befana baƙuwar alheri ce. A daren 5 ga Janairu take shigowa ta bututun hayaƙi, ta cika safar yara da alawa, wanda ya yi rashin ji ta bar masa gawayi (yanzu gawayin ma na sukari ne, a kanti ake sayensa). Labarin da ake bayarwa shi ne, masanan nan uku na labarin Kirista da suka fito neman jariri Yesu a Baitalami sun tambaye ta hanya, suka ce ta zo su tafi tare, ta ce shara ta sha mata kai. Daga baya ta yi da-na-sani, shi ya sa har yau take bi gida-gida. Ita kuwa Baba Jaga a dokar daji take zaune, cikin bukkar da ke tsaye kan ƙafar kaza. A tatsuniyoyin Rasha da Yukiren cikin turmi take tafiya, tana tuƙi da taɓarya, tsintsiyar kuma ta goge sawunta ce. Wani baƙon ta cinye shi, wani ta ba shi abin da zai tsira da shi, gwargwadon ladabinsa da wayonsa. Ba ta da rana a kalanda, ba kuma mai rataya mata safa.

A nan dukkan aikin ya rataya. Kamanni shi ne abu mafi arha a jikin tauraron tatsuniya. Abin da ya kamata ɗalibai su bi shi ne aikinsa: me yake yi, yaushe yake zuwa, wa ke ba da labarinsa, ga wa, don me. Aikin da aka gina kan waɗannan tambayoyi yana iya cin watanni shida yara ba su gaji ba. Wanda aka gina kan "ga dodonmu, ina naku?" mako uku ya isa ya mutu.

Galibin irin wannan haɗin gwiwa ta eTwinning yake bi, wato tsarin da Tarayyar Turai ta buɗe a 2005 don haɗa makarantu ta intanet, wanda tun 2014 yake ƙarƙashin Erasmus+, shirin Tarayyar na tallafa wa ilimi. Kyauta ne. Malamai biyu daga ƙasashe biyu su yi rajistar aikin, ofishin kowace ƙasa ya amince, sai a ba su TwinSpace, wani rufaffen ɗaki na intanet da ɗalibai ke ajiye rubutu da murya da bidiyo. Ban da ƙasashen Tarayyar, akwai Turkiyya da Sabiya da Jojiya, har da Tunisiya da Jodan. Makarantun Najeriya da Nijar ba sa ciki, amma iyalan Hausawa da ke zaune a Turai suna gamuwa da shi ranar da yaro ya dawo da takardar neman sa hannu. Hanyar aikin kanta kuwa ba ta buƙatar wannan dandali, aji biyu da waya mai ɗaukar murya sun isa.

Zaɓen taurari

Kuskuren farko shi ne a ce kowace makaranta ta kawo "shahararren tauraron ƙasarta". Sai wannan ta kawo maciji mai aman wuta, waccan ta kawo tsohuwa mai rabon alawa, ta uku ta kawo dila, a rasa abin kwatantawa. Malaman su fara zama su tsayar da gida ɗaya ko biyu na taurari, sannan kowane aji ya nemo nasa a cikin gidan. Taurari uku zuwa huɗu a kowace makaranta sun isa. Idan suka kai goma, ba a tsaya kan ko ɗaya ba.

Gidan da ya fi kowane albarka shi ne na masu wayo, waɗanda Bahaushe zai gane nan take don ya tashi da Gizo. Jamusawa na da Till Eulenspiegel, wanda ake cewa ya mutu a garin Mölln a 1350, kuma aka fara buga labaransa a farkon ƙarni na 16. Makaminsa ɗaya ne: ya ɗauki magana yadda aka faɗe ta. Mai gidan burodi a Braunschweig ya ji haushin tambayarsa me zai gasa, ya ce masa cikin gatse ya gasa mujiyoyi da birai, gari na wayewa ya tarar da ƙullun duka ya zama mujiyoyi da birai. Turkawa na da Nasreddin Hoca na garin Akşehir, wanda ya ari tukunyar maƙwabci ya mayar da ita da ƙaramar tukunya a ciki ya ce ta haihu. Maƙwabci ya karɓa da murna. Karo na biyu tukunya ba ta dawo ba, Hoca ya ce Allah ya yi mata rasuwa, kuma wanda ya yarda tukunya na haihuwa ba shi da bakin musa mutuwarta. A tsibirin Sisili akwai Giufà, ɗan'uwan Juha na Larabawa, wanda uwarsa ta ce ya jawo ƙofa in zai fita, ya ɓalle ƙofar ya saɓa a kafaɗa. Romaniya na da Păcală, Bulgeriya na da Hitar Petar. Faransa da Holan da Beljiyam na da dilan nan Renart, wanda ya yi suna har sunansa ya kori tsohuwar kalmar Faransanci ta dila, ya zauna a madadinta.

Dubi abin da wannan jerin ke bai wa ɗan shekara goma sha biyu. Till da Giufà abu ɗaya suke yi, wato bin harafin magana, amma Till da gangan yake yi don ya kunyata masu gidansa, Giufà kuwa sau da yawa wauta ce. Hoca ba ya gudu bayan ya yi abinsa, tsayawa yake ya kafa hujja. Wa ake cuta a kowane labari, mai kuɗi ne, ko limami, ko talaka ɗan'uwansa? Wannan tambayar kaɗai ta isa darasi biyu.

Gida na biyu shi ne baƙin hunturu, kuma shi ne malamai suka fi so saboda yana da ranaku. A Austriya da kudancin Jamus, daren 5 ga Disamba na Krampus ne: ƙahoni, jikin gashi, sarƙa, ƙararrawa, da damin tsumagiya, yana rakiyar Waliyyi Nikolas don ya ji da marasa ji. A Jamhuriyar Cek, a wannan daren, Nikolas yana yawo da mala'ika da shaiɗan. A Iceland samari goma sha uku ne, 'ya'yan dodanniya Grýla, suna saukowa daga duwatsu ɗaya bayan ɗaya a darare goma sha ukun da ke kafin Kirsimeti, kowa da ɓarnarsa: mai lasar ludayi, mai buga ƙofa, mai satar kyandir. Yara na ajiye takalmi a taga, mai ladabi ya sami kyauta, maras ladabi ya sami ruɓaɓɓen dankali. A Girka kuwa akwai kallikantzaroi, ƙananan dodanni da ke shekara a ƙarƙashin ƙasa suna yankan bishiyar da ta riƙe duniya, sai su hauro daga 25 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu su yi ta ɓarna a gidaje, kafin su koma bishiyar ta warke. Maganinsu rariya a bakin ƙofa: sai su tsaya ƙirga hujin, ba sa iya wuce biyu, har gari ya waye. Wanda ya san tashe a watan azumi ba zai sha wahalar gane yadda shigar ban tsoro da bin gidaje da ban dariya suke zama cikin al'ada ɗaya ba.

Akwai kuma aljanun gida, irin su tomte na Suwidin da nisse na Norway da Denmark, da domovoi na ƙasashen Silabawa. Akwai macizan gari masu aman wuta, irin na tudun Wawel a Kraków ta Poland, wanda ya haɗiye fatar tunkiyar da wani baduku ya cusa wa farar wuta, ƙishirwa ta sa ya yi ta shan kogin Vistula har ya fashe. Waɗannan sun fi dacewa da ƙananan azuzuwa, don labarinsu gajere ne kuma yana da sauƙin zanawa.

Daga bakin mutane, kafin intanet

Idan aka ce wa ɗalibai su je su yi bincike, abin da zai dawo shi ne sakin layin farko na shafin farko da waya ta nuna, da hoton wani fim. Saboda haka a hana intanet a makonni biyu na farko. Kowane ɗalibi, ko su biyu-biyu, ya sami babba ɗaya ya yi hira da shi ta minti goma zuwa sha biyar, ya ɗauki muryar a waya bayan ya nemi izini. Kaka ce ta fi, amma maƙwabciya, ko mai kula da laburaren gari, ko ma'aikacin gidan tarihi duk sun yi. A yi wannan tanadin tun farko, don a kowane aji akwai yaron da kakanninsa suna wata ƙasa ko sun rasu, kuma bai kamata ya tsaya yana bayanin haka gaban 'yan'uwansa ba.

Tambayoyin kada su wuce shida. Mafi muhimmanci a ciki ita ce: "Wa ya ba ki labarin, kuma a ina kuke lokacin?" Dalili kuwa, tsofaffin yau ma da talabijin da littattafan makaranta suka tashi, kuma sau da yawa abin da za su maimaita na littafi ne. Wannan ba laifi ba ne, amma a rubuta shi. Yawan samarin Iceland ɗin nan da sunayensu sun sha bamban daga yanki zuwa yanki, wata waƙa da aka buga a 1932 ce ta tsayar da goma sha ukun da kowa ya sani yau. A mafi tsufan rubutun labarin macijin Wawel, na farkon ƙarni na 13, 'ya'yan sarki Krak ne suka kashe shi, badukun sai a ƙarshen ƙarni na 16 ya shigo. A labarin mai sarewar garin Hameln na Jamus, wanda aka ce ya tafi da yara 130 ranar 26 ga Yuni 1284, ɓerayen da kowa ke tunawa ƙari ne da aka yi a ƙarni na 16. Yaro da ya gano cewa tatsuniya na da tarihi, kuma hannun mutane ya taɓa ta, ya koyi abin da ya fi labarin kansa.

Daga hirarrakin ne aji zai haɗa kati ɗaya ga kowane tauraro, kalmomi 120 zuwa 150. A sa sunan da harshen asali, tare da murya ta daƙiƙa biyar ta yadda ake furta shi. A sa garin ko yankin da aka ji labarin, ba sunan ƙasa kawai ba, domin Krampus na tsaunukan Alps ne, ɗan Hamburg bai tashi da shi ba. A sa lokacin zuwansa, aikinsa, abin da yake riƙe da shi, da abin da mutane ke yi masa, wato takalmi a taga ko rariya a ƙofa ko kwanon kunu a rumbu. Layin ƙarshe a ware shi ga abu ɗaya da masu ba da labarin suka saɓa a kai. Idan aji ya ce babu saɓani, to ba su tambayi mutane isassu ba.

Ga dabarar da ta fi kowace aiki: a tura katin ba hoto. Ɗaya ajin su karanta, su zana tauraron daga bayanin kawai, su turo zanen. Sai bayan nan a nuna musu yadda masu shi ke zana shi. Duk inda zanen ya kauce, ko dai bayanin ne ya gaza, ko kuwa masu zanen sun cusa nasu dodon a ciki, kuma kowanne daga cikin biyun abin tattaunawa ne. Ajin da ya rubuta cewa nisse "ɗan ƙaramin mutum ne mai jar hula" zai ga an dawo masa da ɗan tsanar Kirsimeti mai murmushi, sai ya gane ya manta da abin da ya fi muhimmanci, wato zafin ransa. Sanannen labarinsa shi ne, an kai masa kunun daren Kirsimeti bai ga man shanu a sama ba, ya fusata ya kashe saniyar gidan, ya dawo ya ci gaba da sha sai ya tarar da man a ƙasan kwano, dole ya je gonar maƙwabta ya sato saniya mai kama da ita ya mayar.

Sunaye ba a fassara su. Wannan doka ce, a rubuta ta a shafin farko na aikin. Manhajar fassara tana taimako wajen saƙon yau da kullum, amma da ta gamu da sunan halittar almara sai ta miƙo kalmar Turanci mafi kusa, ta niƙe bambancin. A Bulgeriya zmey da lamya duk za su fito da sunan maciji mai aman wuta, alhali zmey sau da yawa mai tsaron gari da amfanin gona ne, lamya kuwa ita ce mai tare ruwa da cin mutane. Kamar a tattara dodo da doguwa da 'yan ruwa a kira su aljani ne a ce an gama. Maganin shi ne ɗan ƙamus na haɗin gwiwa a shafi ɗaya, kowace kalma da jimla biyu na bayani, masu harshen ne kawai ke da ikon gyara tasu.

Su malamai akwai kayan aikin da zai rage musu wahala: kundin rabe-raben tatsuniyoyi da Antti Aarne na Finland ya fara a 1910, Stith Thompson ya faɗaɗa, Hans-Jörg Uther ya sabunta a 2004, wanda ake taƙaitawa da ATU. Kowane zubin labari na da lamba. Tukunyar da ta haihu ita ce 1592B. Kamun kifi da wutsiya a cikin ƙanƙara shi ne lamba 2, kuma a nan za a ga a Faransa kyarkeci ne dila ya yaudara ya rasa wutsiya, a Norway kuwa dabbar beyar ce, shi ya sa wutsiyarta guntuwa. Malami ya duba lambar ya san me zai nema a ƙasar abokin aiki. Ɗalibai ba sa buƙatar ganin lambobin, su gano kamar da kansu ya fi daɗi.

Bayan katuna, sai aikin da ba mai iya gamawa shi kaɗai. A raba yara rukuni-rukuni na huɗu zuwa shida, kowane rukuni da 'yan ƙasashe biyu aƙalla. Idan aka bar kowane aji ya yi nasa ya liƙa a shafi, an sami baje koli biyu a rumfa ɗaya, kuma masu duba ingancin ayyukan eTwinning haɗin gwiwa na gaske suke nema. Aikin da ke tafiya da kyau shi ne sabon labari da ke haɗa taurari biyu, da sharaɗi guda: kowane tauraro ya riƙe dokarsa. Till ba zai daina bin harafin magana ba don ya je kasuwar Akşehir. Kallikantzaros ba zai iya ƙirga uku ba ko a Iceland. 'Yan wannan ƙasa su rubuta farko, 'yan waccan su ci gaba, kowa ya duba ko an ɓata masa tauraro. Idan bidiyo za a yi, minti biyu zuwa uku, kuma 'yar tsanar takarda ko wasan inuwa ya fi fuskar yara sauƙi ta fuskar doka. A bar kowane tauraro ya yi magana da harshensa, a sa fassara a ƙasa. Murya rabin tauraro ce, kamar yadda Gizo ba ya cika Gizo sai da tsamin bakinsa.

Inda ake samun matsala

Kalanda ce ke kashe ayyuka fiye da komai. Makarantun Finland suna komawa a Agusta, na Italiya a Satumba su kuma tashi a farkon Yuni, na Bavariya a Jamus sai ƙarshen Yuli. Turkiyya na da hutun mako biyu a ƙarshen Janairu. Sabiya da Jojiya suna Kirsimeti ranar 7 ga Janairu. Idan aka cire jarrabawa da hutu, makonnin da ajin biyu ke zaune lokaci ɗaya ba su da yawa, don haka a ɗora kalandar makarantun kan juna tun Satumba kafin a sa wa komai rana. Duk mai son baƙin hunturu, katunansa su kammala kafin tsakiyar Nuwamba. Sai agogo: tsakanin Lisbon da Ankara awa uku ne da hunturu, awa biyu da bazara, saboda Turkiyya ta daina canza agogo tun 2016, ƙasashen Tarayyar kuwa suna canzawa a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba. Haɗuwar bidiyo da aka tsayar "ƙarfe goma" ba a faɗi na wane gari ba takan ƙare da aji ɗaya yana kallon allo shi kaɗai. Haɗuwar kada ta wuce minti talatin, da tambayoyi a rubuce tun kafin ranar, da makirufo ɗaya da ake miƙawa.

Dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta shafi hoton yaro da muryarsa, ta kuma shafi muryar kakar da aka yi hira da ita. Takardar izini ta bambanta abu biyu: ajiyewa a rufaffen ɗakin aikin, da wallafawa a fili. Iyaye da yawa sun yarda da na farko ba su yarda da na biyu ba. Zane-zanen littattafan zamani da hotunan fina-finai na da masu su, kuma kariyar tana kaiwa shekara 70 bayan mutuwar mai aikin. Tsufan tatsuniya bai halatta hoton da wani ya zana bara ba. Zanen yara ya raba gardama.

Akwai kuma abin da ya fi doka nauyi. Wasu taurarin suna ɗauke da tsohon miki. A Holan da Beljiyam mai rakiyar Sinterklaas, wato Waliyyi Nikolas nasu, shi ne Zwarte Piet, wanda aka daɗe ana fitowa da shi da fuska shafe da baƙin fenti, jan leɓe da gashin roba. An yi shekaru ana jayayya a kai, kuma tun 2019 bikin isowarsa na ƙasa da ake nunawa a talabijin ɗin Holan ya koma amfani da 'yan ɗigon baƙin hayaƙi a fuska. Ajin da ke da yara baƙar fata, a kowane ɓangare, bai kamata ya buɗe shafi ya ci karo da tsohon hoton ba tare da malamai sun tattauna tukuna ba. Da manyan ɗalibai ana iya mayar da jayayyar kanta darasi. Da ƙanana, a zaɓi wani tauraron. Haka tsakanin Bulgeriya da Turkiyya: a labaran Bulgeriya da yawa Hitar Petar yana karawa da Nasreddin Hoca yana kayar da shi, abin da ke da tushe a zamanin mulkin Usmaniyya. 'Yan Turkiyya da suka tashi suna ganin Hoca a matsayin mai hikima ba za su ji daɗin ganinsa a matsayin wanda ake yi wa dariya ba in ba a shirya su ba. Hotunan Krampus na bukukuwan yanzu kuwa, da fuskokin katako masu jini da haƙora, ba na 'yan ƙasa da shekara takwas ba ne. Tsofaffin katunan gaisuwa sun fi sauƙi a ido.

Yawancin baƙin hunturu suna rataye da kalandar Kirista. A faɗa wa iyaye a takarda cewa nazarin al'ada ake yi, ba bikin addini ba, kuma kada a tilasta wa kowane yaro sa kayan wani tauraro. Yaran da iyayensu suka zo daga wata nahiya a ba su kati cikakke kamar kowa. Ɗan Hausawa da ke makaranta a Italiya ya kawo Gizo da Ƙoƙi ya ajiye kusa da Giufà, ya koya wa ajin buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku" da rufewa da "ƙurunƙus". Tara kalmomin buɗe tatsuniya da rufe ta na duk harsunan da ke cikin ajin ƙaramin aiki ne na darasi ɗaya, kuma yakan fito da harsunan da malami bai san suna ajinsa ba.

Idan ana son a kai ga ziyara, kuɗin daga Erasmus+ yake fitowa, kuma nema ne dabam da rajistar eTwinning. A tsarin 2021 zuwa 2027, tafiyar rukunin ɗalibai tana tsakanin kwana 2 da 30 a makarantar da ta karɓe su, tare da malamai masu rakiya. Kwana biyar na aiki ya wadatar. A sa ziyarar bayan an gama katuna da zane, yadda yara za su iso da tambaya a baki. Wanda ya san labarin badukun, tsayuwa gaban mutum-mutumin macijin da aka kafa a 1972 a gindin tudun Wawel, yana fesa wuta ta gaske, wani abu ne dabam da na ɗan yawon buɗe ido. A bar rabin yini ga mai sana'a, masassaƙin fuskar katako ko mai ɗinka 'yar tsana, don yara su taɓa kayan da hannu.

Wanda ba shi da kuɗin tafiya yana da gidan waya. Tsakanin ƙasashen Tarayyar ba ruwan kwastan, amma ƙunshin da zai shiga ko ya fita zuwa Turkiyya, Sabiya ko Norway sai da takardar bayanin kaya, kuma nama da kayan madara ba sa shiga Tarayyar daga yawancin ƙasashen waje. Abin da ya fi dacewa da ambulan shi ne martenitsa ta Bulgeriya, zaren ulu fari da ja da ake murɗawa a bayar ranar 1 ga Maris don faranta wa Baba Marta, tsohuwar da fushinta ke dawo da sanyi, murmushinta ke fito da rana. Romaniya da Moldoba da Masedoniya ta Arewa na da irinta, kuma UNESCO ta sa al'adar a jerinta a 2017. Zare biyu masu tsawon kamu biyu-biyu sun isa na hannu ɗaya, talatin kuma suna shiga ambulan guda. A aika a makon farko na Fabrairu. Ana ɗaure da shi har sai an ga shamuwar Turai ta farko ta dawo daga Afirka, ko bishiya ta yi fure, sannan a kwance a ɗaura a reshe. Kowane aji ya rubuta ranar da ya kwance nasa a shafin aikin. Makarantun can arewa, inda wannan tsuntsuwa ba ta cika zuwa ba, su bi furen bishiya, kuma a sa rai za su riga su shiga Afrilu ko Mayu da zaren a hannu.